Wa Ya Buɗe Gangunan Case Basse?

Ranar Litinin, 3 ga Disamba 2012, da safe, ma'aikatan wata gonar inabi da ake kira Case Basse, kudu maso yamma da garin Montalcino a yankin Tuskani na Italiya, suka sauka ma'ajiyar giya da ke ƙarƙashin ƙasa suka tarar da abin da ya tsayar da su cik. An fasa wani gilashi mai kauri an shiga cikin dare. Manyan gangunan katako guda goma, waɗanda kowace ta fi mutum tsayi, an buɗe famfunansu an bar su suna ta zuba. Jar giya lita 62,600 ta bi magudanar ruwa ta tafi. In aka ƙirga da kwalba, ta haura 83,000. Kuma ba amfanin shekara ɗaya ba ne: na 2007, 2008, 2009, 2010, 2011 da 2012, duk a dare guda.

Mai karatu ba sai ya taɓa kusantar giya ba kafin ya gane girman ɓarnar. Kamar a ce manomi ya tara hatsin damina shida a rumbu bai taɓa ba, wani ya zo cikin dare, bai ɗebi ko mudu ɗaya ba, ya cinna wa rumbun wuta ya yi gaba.

Abin da ya fara ɗaure wa jandarmomin Italiya, wato Carabinieri, kai ke nan: ba a saci komai ba. A wurin akwai kwalaben da kowace ɗaya kuɗinta ya kai ɗaruruwan Yuro a kantunan Milan da Landan da New York. Ɓarawon da ya san darajar wurin har ya fasa gilashinsa, da ya cika mota ya gudu. Wannan bai ɗauki kwalba ba, bai fasa ganga ba, bai yi rubutu a bango ba, bai bar wasiƙa ba. Ya dai bi gangunan ɗaya bayan ɗaya yana murɗa famfo. Saboda haka tun ranar farko aka ajiye batun sata gefe. Wanda ya shigo ya zo ne don ya ƙona zuciyar mai gidan, kuma ya san inda zai taɓa.

To, wane ne mai gidan?

Gianfranco Soldera ba ɗan Montalcino ba ne. An haife shi a Treviso, can arewa, a 1937, ya tashi a Milan, ya yi arziki a dillancin inshora. A 1972 shi da matarsa Graziella suka sayi wata ƙasa da aka yi watsi da ita a gefen Montalcino. A lokacin garin yana cikin mafi talauci a Tuskani. Tsohon tsarin noman raba-daidai, wanda talaka ke noma ƙasar mai gida su raba amfani biyu, ya rushe, matasa sun kwashe zuwa masana'antun birane, gidajen gona sun zama kufai. Ƙasa ta yi arha. Soldera ya dasa inabi iri ɗaya tak, Sangiovese, ya fitar da giyarsa ta farko daga amfanin 1975. Graziella kuwa ta mai da kimanin hekta biyu lambun furanni da itatuwa, domin tsuntsaye da ƙwari masu amfani su samu wurin zama kusa da inabin.

Salon aikinsa na mutanen da ne, amma da tsanani irin na mai lissafin inshora. Ba ya sa maganin kashe ciyawa. Yana zubar da inabi mai yawa tun yana kan kurangarsa, ya bar ƙalilan su nuna sosai. Ba ya sayen yis na kamfani. Wanda ke jikin ɓawon inabin shi ke tsima ruwan. Sannan ya zuba giyar cikin manyan gangunan da aka yi da katakon dazuzzukan Slavoniya na ƙasar Kuroshiya, ya bar ta shekara da shekaru. Duk shekara abin da yake fitarwa bai wuce kwalba 15,000 ko kusa da haka ba, alhali akwai maƙwabtansa da ke fitar da dubban ɗaruruwa. Masu wannan harka a duniya sun sa giyarsa a sahun farko na duk abin da Italiya ke yi.

Sai dai mutumin yana da baki. Bai iya ɓoye raini ba. Yakan faɗa a fili cewa yawancin abin da ake sayarwa da sunan babbar giya bai cancanci sunan ba, kuma kowa ya san da maƙwabtansa yake. Ko baƙo bai tsira ba: al'adar masu ɗanɗana giya don aiki ita ce su kurɓa su tofar, amma a ma'ajiyar Soldera an hana tofarwa, in ba za ka haɗiye ba kada ka karɓa. Mutum irin wannan ba ya rasa masu jin haushinsa. Wannan ya zama wahalar binciken tun farko, domin waɗanda za a iya zargi sun yi yawa.

Kafin a bi su, akwai tambayar da ta fi sauƙin amsawa, kuma amsarta ta rage yawan waɗanda ake zargi fiye da yadda aka lura a makon farko. Me ya sa amfanin shekara shida ke zaune wuri ɗaya, cikin ganga goma, har mutum ɗaya ya iya hallaka shi a dare guda?

Dalilin yana cikin dokar giyar da ake kira Brunello di Montalcino. Tun ƙarni na 19 wani gida a garin, gidan Biondi Santi, ya fara ware Sangiovese shi kaɗai yana yin giyar da ke jure ajiya. Clemente Santi ya ci lambar yabo da ita a 1869, jikansa Ferruccio ya ci gaba, har yau akwai kwalaben 1888 a gidan. Na tsawon lokaci kusan su kaɗai ke yi. A 1966 gwamnati ta ba giyar matsayin doka, a 1967 manoma 25 suka kafa ƙungiyar kare sunanta, a 1969 aka zuba wa Sarauniya Elizabeth ta Ingila ta gidan Biondi Santi ta 1955 a wata liyafa a ofishin jakadancin Italiya da ke Landan, sannan a 1980 Brunello ta shiga rukunin farko na giyar da aka ba matsayi mafi girma, DOCG. Sharuɗɗan suna da tsauri. Inabin ya zama Sangiovese ɗari bisa ɗari, wanda aka noma cikin iyakar Montalcino. Kada hekta ta ba da fiye da tan takwas. Giyar ta yi aƙalla shekara biyu cikin katako, kuma ba a kai ta kasuwa sai 1 ga Janairun shekara ta biyar bayan girbi.

Yawancin gidaje da zarar sun cika shekara biyu ko uku sai su ɗura a kwalba su jira ranar sayarwa. Soldera yakan bar tasa cikin ganga shekara biyar, wani lokaci fiye. Shi ya sa a Disambar 2012 ta 2007 tana nan ba a ɗura ba, ta 2012 kuwa, wadda aka girbe wata biyu zuwa uku da suka wuce, ta shigo ta same ta. Kwalba dubu tamanin, sai mutum ya kwana yana fasawa bai gama ba, kuma ƙarar za ta tashi gida. Ganga goma kuwa hannu ɗaya ya ishe su, shiru. Wanda ya yi aikin ya san cewa dukiyar gidan ba a kwalba take ba. A riƙe wannan, za a dawo kansa.

Zargi na farko da ya cika jaridu shi ne Mafiya. Ba abin mamaki ba ne; duk ɓarnar da aka yi a Italiya cikin dare ba tare da sata ba, sunan da ke fara zuwa bakin 'yan jarida ke nan, balle na ƙasashen waje. Kuma gaskiya ne kuɗin ƙungiyoyin miyagu na kudu ya daɗe da ratsowa arewa, ya shiga gidajen abinci da filaye. Amma in aka duba yadda waɗannan ƙungiyoyi ke karɓar kuɗin tilas, lissafin bai fita ba. Sukan fara da aike, a nemi wani abu. In an ƙi, a yi gargaɗi ƙarami: a sare kuranga kaɗan, a ƙona mota. Manufar ita ce a tsorata mutum ya riƙa biya, don haka dole a bar shi da abin da zai biya da shi. A Case Basse iyalin sun ce babu wanda ya taɓa yi musu barazana ko ya nemi wani abu. Kuma wanda ya zubar maka da cinikin shekara shida bai bar maka abin da zai tatsa ba. Magajin garin, Silvio Franceschelli, da shugaban ƙungiyar masu Brunello, Fabrizio Bindocci, duk sun fito sun ƙi wannan magana. Ana iya cewa suna kare sunan garinsu ne, kuma haka ne, amma a wannan karon gaskiya tana wajensu.

Zargi na biyu ya fi nauyi, kuma shi ne wanda mutanen garin ke yi ƙasa-ƙasa: ramuwar gayya ce kan abin da ya faru a 2008.

Sai an koma baya kaɗan. Daga shekarun 1980 Brunello ta zama kuɗi. Gidajen da ke yin ta suka tashi daga 'yan kaɗan zuwa fiye da 200, gonakin da aka yi wa rajista suka kai hekta 2,000 da ɗoriya. Aka dasa Sangiovese har a wuraren da ba ya jin daɗi, a ƙasa mai laka da kwari mai zafi. Shi kuwa inabi ne mai wuyar sha'ani. Ɓawonsa ba kauri, giyarsa ja ce mai haske da ido ke ratsawa, ga tsami, ga ɗaure baki tana sabuwa. A daidai lokacin kuma kasuwar Amurka, wadda ke ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na Brunello, ta karkata ga giya mai duhu, mai kauri, mai laushi, kuma masu ba da maki a mujallunsu suna saka wa irin wannan. Sai aka fara ganin Brunello mai duhu kamar tawada. Tsofaffin manoma suna kallo suna kaɗa kai, domin sun san Sangiovese bai taɓa ba da wannan launi shi kaɗai ba. Kowa ya yi zargin ana ɗan zuba Merlot ko wani inabi. An yi shekaru ana faɗa a teburin cin abinci, ba a faɗa a gaban hukuma.

A bazarar 2008, gab da babban baje kolin giya na Vinitaly da ake yi a Verona, magana ta fashe. Ofishin mai gabatar da ƙara na Siyena da 'yan sandan kuɗi, Guardia di Finanza, suka riƙe giyar 2003 ta wasu manyan gidaje, suka hana sayar da ita. Sun bi takardun gonaki, sun shiga gonakin da ƙafa suna duba ko kurangar da ke ƙasa ita ce wadda ke rubuce. Sun kuma kai giyar ɗakin gwaji, inda abin ya fi ban sha'awa. Launin jar giya daga ɓawon inabi yake fitowa, daga wasu sinadarai da ake kira antosiyanin, kuma kowane irin inabi da tsarin nasa. Akwai wani rukuni na waɗannan sinadarai da Merlot da Cabernet ke da shi da yawa, Sangiovese kuwa kusan babu. In aka same shi da yawa a kwalbar da aka rubuta Sangiovese zalla, to wani baƙo ya shiga.

Babu wanda ya yi ciwo. Wannan ba irin bala'in 1986 ba ne, lokacin da wasu 'yan kasuwa a arewacin Italiya suka zuba guba ta metanol a giya mai arha har aƙalla mutum 19 suka mutu. Laifin 2008 na yaudarar mai saye ne. Amma Amurka ta yi barazanar rufe ƙofarta ga duk Brunello da ba ta zo da shaidar hukuma ba, kuma garin ya girgiza. A Oktoban shekarar mambobin ƙungiyar suka kaɗa ƙuri'a ko a sassauta dokar a halatta gauraye. Kashi 96 cikin ɗari suka ce a bar ta yadda take. Da binciken ya kammala a 2009, cikin lita miliyan 6.7 ta Brunello da aka riƙe, kusan kashi ɗaya cikin biyar aka sauke daga matsayinta aka sayar da ƙaramin suna.

A duk wannan rikici Soldera yana sahun gaba na masu cewa ko ɗigo ɗaya na wani inabi bai halatta ba. Yana kuma kashe kuɗinsa a kan binciken jami'a game da yadda za a tabbatar da asalin giya. Sai raɗe-raɗi ya bazu cewa shi ne ya kai wa hukuma tsegumi tun farko. Ya musanta, kuma babu wata shaida da ta taɓa fitowa a kan haka, amma jita-jita ba ta neman shaida. Da gangunansa suka zube, mutane da yawa a ciki da wajen Italiya suka ce to, ga sakamako ya zo.

A ganina saurin da aka yi wajen karɓar wannan bayani ya fi bayanin kansa faɗin wani abu game da garin. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Shekara huɗu bayan abin kunyar, mutanen Montalcino ba su gama yarda da juna ba, har suna iya ɗauka cewa wani daga cikinsu zai tsallaka gonar maƙwabci cikin dare ya yi wannan aika-aika. Amma in aka auna da hankali, zargin yana da ramuka. Me ya sa sai bayan shekara huɗu, lokacin da shari'o'in suka lafa, kasuwa ta dawo? Wane mai gidan giya ne zai so sunan Brunello ya sake shiga jaridun duniya tare da kalmar Mafiya, a watan da ake shirin fitar da sabuwar giya a Janairu? Ɓarnar ta taɓa aljihun kowa a garin. Kuma manyan gidajen da binciken 2008 ya shafa suna da lauyoyi, da kotu suke faɗa.

Akwai ma tambayar da duk mai bincike ke yi ko da bai so ba: wa ya ci riba? Domin da labarin ya fita, kuɗin kwalaben Soldera da ke hannun 'yan kasuwa ya yi tsalle nan take, kowa na neman abin da aka ce ba za a sake samu ba sai bayan shekaru. Amsar da Soldera ya bayar ita ce ya dakatar da sayar da abin da ya rage masa na ɗan lokaci, don kada 'yan sari su yi wasa da farashi. Wanda ke neman riba daga masifarsa ba haka yake yi ba.

Saura abin da aka ce a riƙe. Jandarmomi ba su bi jaridu ba, suka tsaya kan abin da ma'ajiyar kanta ta nuna. Mai laifin ya san ta inda ake shiga. Ya san daren Lahadi ba kowa a wurin. Ya san yadda famfon babbar ganga ke buɗewa, abin da baƙo zai tsaya yana lalube a cikin duhu. Ya san akwai magudana a ƙasa da za ta kwashe giyar ba tare da hayaniya ba. Sama da duka, ya san cewa mai gidan ba kuɗi ne ya fi damunsa ba, shekarun da ke cikin katakon ne. Ɗan Mafiya daga kudu bai san wannan ba. Maƙwabci mai gaba zai san rabinsa. Wanda ya san dukansa shi ne wanda ya taɓa wanke waɗannan ganguna da hannunsa. Da ɗan gari akan ci gari.

Case Basse ƙaramin gida ne, ma'aikatansa ba su da yawa, waɗanda suka bar aiki kwanan nan sun fi ƙaranci. Ba a daɗe ana bin sunaye ba aka tsaya kan mutum ɗaya, ɗan shekara 39, ɗan asalin birnin Rum, wanda ya yi aiki a ma'ajiyar ya bar ta ba da daɗin rai ba 'yan watanni kafin lamarin. Zato kawai ba ya kai mutum kurkuku, don haka da izinin alƙali aka riƙa sauraron maganganunsa a ɓoye. A nan ne ya kama kansa. Kamar yadda jaridun Italiya suka ruwaito daga takardun binciken, an ji shi yana gaya wa wani ɗan'uwansa cewa giya ba kamar jini ba ce, in an wanke tana fita. Mutumin da ba shi da hannu ba ya damuwa da tabon giya a tufafinsa. Aka binciki gidansa, aka ɗauki wani wandon jins aka kai ɗakin gwaji. Kimanin mako biyu bayan daren ɓarnar aka kama shi, daga baya kuma ya amsa laifinsa.

Dalilin da ya fito fili ya sa mutane da yawa suka yi shiru don kunya. Haushin mai gida ne. Daga cikin abin da ya riƙe a zuciya har da batun masauki: akwai wurin kwana a gonar da yake so, aka ba wani abokin aikinsa. Babu Mafiya, babu haɗin bakin manyan gidaje, babu 2008. A Maris 2013 kotu a Siyena ta yanke masa ɗaurin shekara huɗu.

Wasu sun ji amsar ta yi ƙanƙanta, kamar ba ta kai girman asarar ba. Ni ban ga haka ba. Gidan giya na iyali, duk sunan da ya yi a duniya, wuri ne da mutum biyar ko goma ke aiki kafaɗa da kafaɗa, mai gida na tsaye a kansu, kuma dukiyar shekaru tana bayan famfon da kowannensu ya iya buɗewa. Babban kamfani yana raba giyarsa a tankuna ɗari da rumbuna da yawa, ga masu gadi, ga kyamara. Abin da ya sa giyar Soldera ta yi daraja, wato ƙanƙantar gidan da doguwar ajiya a ganga kaɗan, shi ne kuma ya sa mutum ɗaya mai fushi ya iya gamawa da ita kafin asuba.

Da an tsaya nan, da masu zargi na biyu sun tashi da kunya kawai. Sai dai abin da ya biyo baya ya nuna cewa tsagar da suka hango tana nan, ko da ba ita ta buɗe gangunan ba.

Tun kwanakin farko ƙungiyar masu Brunello ta yi tayin taimako: mambobi su ba da gudummawar giya daga nasu gangunan, a haɗa, a yi abin da aka kira Brunello ta zumunci. A wajen yawancinsu wannan karamci ne irin na manoma, in gobara ta ci maƙwabci kowa ya kawo abin da ya samu. Soldera bai gan shi haka ba. Shi da ya yi shekara arba'in yana cewa giya ita ce ƙasa guda da inabi guda da hannu guda, a ce ya karɓi gauraye daga gidajen da ya daɗe yana shakkarsu? Da kotu ta yanke hukunci, sai ya sanar da ficewarsa daga ƙungiyar. Kwanaki kaɗan bayan haka, a hira da jaridar Corriere della Sera, ya bayyana tayin a matsayin cin fuska, ya ce sayar da giyar wasu da sunansa yaudarar mai saye ce. Ƙungiyar ta harzuƙa. Ta ce ya juya ma'anar tayin, ba a taɓa nufin a ruɗi kowa ba, kuma ya shafa wa manoma sama da 200 kashin kaji alhali sun miƙa masa hannu. Ta kore shi duk da ya riga ya ce ya fita, ta kuma kai ƙarar ɓata suna.

A nan kowane ɓangare yana da abin kamawa. Soldera ya yi gaskiya a kan ƙa'ida: mai biyan ɗaruruwan Yuro don sunan Case Basse yana biyan wannan tudun ne, ba na wani ba. Amma ana iya ƙin kyauta ba tare da an kira mai bayarwa mayaudari ba, kuma yawancin waɗanda suka yi tayin ƙananan gidaje ne da ba su taɓa shiga binciken 2008 ba, waɗanda ma suka kaɗa ƙuri'a tare da shi a Oktoban shekarar.

Daga baya ta bayyana cewa ba komai ne ya zube ba. Ɗan abin da ya tsira daga waɗannan shekaru an ɗura shi, ya fita kasuwa kaɗan-kaɗan da tsada mai yawa. Ficewa daga ƙungiya ba ta hana mutum amfani da sunan Brunello in ya cika sharuɗɗan doka, kuma Soldera ya fi kowa cika su, amma ya zaɓi ya ajiye sunan. Ya koma rubuta Toscana a kwalbarsa, matsayin da doka ta ajiye ƙasa da Brunello nesa, irin wanda aka sauke giyar masu gauraye zuwa gare shi a 2009, sai ya ƙara da cewa Sangiovese ce ɗari bisa ɗari. Masu saye ba su ja da baya ba, farashin ma hawa ya yi ta yi.

Ya rasu ranar 16 ga Fabrairu 2019, yana da shekara 82, a cikin motarsa kusa da gonar. Graziella da 'ya'yansu, Monica da Mauro, suka ci gaba da gidan a kan tsarinsa, kuma ba su mai da sunan Brunello kan kwalbar ba.